Tsofaffin fina-finan Hollywood na baƙi da fari: takurawa ce ta sa suka yi kyau?

Dan_Fagge:
Salamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da nake so mu ɗan tattauna. Ni a ganina fina-finan Amurka na lokacin da aka fara saka murya, wato daga wajen 1927 zuwa ƙarshen shekarun 1940, sun fi na yanzu iya ba da labari nesa ba kusa ba. Babu kala a yawancinsu, babu kwamfuta, babu wannan farfasa motoci da rusa gine-gine, amma sai ka zauna awa ɗaya da rabi ba ka ko duba wayarka ba. Ku ɗauki Casablanca na 1942, kusan rabin fim ɗin a cikin gidan shaƙatawa guda aka yi shi, mutane ne kawai ke magana suna kallon juna, amma zuciyarka na nan a rataye har ƙarshe. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne a lokacin ne aka fi matsa musu da tacewa, ba tsiraici ba ashar, kuma a lokacin ne suka yi fina-finan da har gobe ake koyar da su. To tambayata, takurawar ce ta tilasta musu yin tunani suka fito da gwaninta, ko kuwa ni kaɗai nake ganin haka?

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Ba kai kaɗai ba ne Yaya. Ni abin da ya ja ni wajensu shi ne zan iya kunnawa a falo yara na nan ba sai ina riƙe da rimot ina fargaba ba. Matsalata da su ɗaya ce, turancinsu da sauri kamar ana kora su, in babu rubutu a ƙasa rabi wuce ni yake.

Saif_04:
Gaskiya ku yi haƙuri ni dai barci suke sa ni. Na gwada wani, mutum ya shigo ɗaki ya cire hula ya kunna sigari ya yi ta surutu, minti goma ba abin da ya faru. Kuma kiɗan nan nasu mai ƙara a kowane sin. Kewa ce kawai ke damun manya.

Malam_Mai_Alli:
Dan_Fagge, maganarka akwai ƙamshin gaskiya amma ka haɗa shekaru ashirin ka ɗaure su da igiya ɗaya, alhali ba iri ɗaya ba ne. Fina-finan farkon murya, na 1928 da 1929, da yawansu ba su kalluwa wallahi. The Jazz Singer na kamfanin Warner da ya fito a watan Oktoba 1927, wanda ake cewa shi ya buɗe ƙofar, shi kansa yawancinsa bebe ne, rubutu ake nunawa, sai waƙoƙin Al Jolson da 'yar magana kaɗan, kuma muryar ma a kan faifai take daban, mai haska fim sai ya daidaita faifai da hoto, in faifan ya yi tsalle sai ka ga baki na motsi magana na wani wuri. Wanda aka fara yi da magana tun daga farko har ƙarshe shi ne Lights of New York a 1928. A waɗannan shekarun kyamara ƙara gare ta, makirfo na ɗauka, sai aka riƙa kulle ta da mai ɗaukar hoton a cikin wani akwati mai gilashi, ga zafi kamar ya kashe mutum, ita kuma kyamarar ba ta motsi. Makirfon a ɓoye shi cikin tukunyar fure ko bayan wayar tebur, 'yan wasa duk su taru a wurin su tsaya ƙiƙam suna magana. Fina-finan bebe na 1927 sun fi su kyawun hoto sau goma. Sai da aka ƙirƙiro sandar rataye makirfo da rigar da ke rufe ƙarar kyamara sannan abu ya dawo hayyacinsa.

Na biyu kuma, manyan kamfanonin nan kamar MGM a shekara suna fitar da fim wajen hamsin, kusan ɗaya duk mako. Lokaci ne ya tankaɗe su, garin kake gani yau, tsakin tuni aka watsa wa kaji. Idan ka gwada zaɓaɓɓu na shekara ashirin da duk tarkacen da ya fito bana, dole na da su yi nasara.

Dan_Fagge:
Malam na ji batun tankaɗe, amma ka kawo min zaɓaɓɓun shekaru ashirin na baya-bayan nan mu jera su da na 1939 kaɗai. Shekara ɗaya fa: Gone with the Wind, The Wizard of Oz, Stagecoach, Mr. Smith Goes to Washington, Ninotchka.

Baba_Na_Sabongari:
Yara kuna maganar abin da muka gani da idonmu a allon silima, ku kuma a waya kuke gani. Mu lokacin da muka taso a Kano a shekarun 1960, silima ba ta da rufi, sai an yi magariba duhu ya shiga ake farawa, in hadari ya taso kuwa kowa ya san inda dare ya yi masa. Akwai Rex da tun 1937 take, akwai Palace, daga baya su Plaza da Orion da Queens. Kwafin da ake kawo mana ya riga ya sha yawon duniya, duk ya kakkarce, yana cikin tafiya sai ya tsinke, allo ya yi fari, a ɗauki ihu da fito har sai mai injin ya liƙa. Ba ma jin turancin, kuma ba mu damu ba, mu dai mun san ekta mun san bos, kuma mun san ekta ba ya mutuwa. Kaboyi shi ne sarki a lokacin, yara su samo kara su yi bindiga, a ɗaura ƙyalle a wuya ana tafiyar ƙasaita. Sunan John Wayne ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san shi. Sai dai fa a gida ba a so a ce ɗanka ɗan silima ne, musamman da yake manyanmu ba su manta gobarar El Duniya ta 1951 ba, wadda mutane fiye da ɗari uku suka rasu a ciki. Daga baya Indiya ta zo ta kwashe kasuwar gaba ɗaya, don su labarinsu ko ba ka jin yaren ka gane auren dole ne ko kishiya ko maraya.

Ummu_Hanan:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Mata fa, suna shiga?

Baba_Na_Sabongari:
'Yata, macen da take da mutunci a idon gari ba ta zuwa a wancan lokacin, haka abin yake. Ku bidiyo da talabijin ne suka kawo muku fim har ɗaki.

Yar_Damagaram:
Baba gaisuwa nike. Abin da ka faɗa na kaboyi mu ma nan Nijar haka ya kama samari, har Moustapha Alassane ya yi fim a kai a 1966, Le Retour d'un aventurier, saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya raba ma abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Duk wanda ke son ya ga abin da fina-finan Amurka suka yi wa kan samarinmu na wancan zamani ya neme shi, gajere ne.

Bakatsine:
Ni kam ina karanta yabon nan raina na ɓaci. Kun ce ba tsiraici ba ashar, to cin mutunci fa? Shi The Jazz Singer ɗin da Malam ya ambata, ai bature ne ya shafa baƙi a fuska yana kwaikwayon baƙar fata, da haka aka buɗe zamanin muryar. Ku kalli Tarzan the Ape Man na 1932, 'yan Afirka a ciki 'yan dako ne kawai, ana tsula musu bulala, ɗaya ya faɗo daga kan dutse ya mutu baturen ya fara tambayar kayan da ke kansa. Bature ɗaya tsirara a daji ya fi duk mutanen nahiyar wayo da ƙarfi. Ko giwayen ma na Asiya ne aka liƙa musu manyan kunnuwa don su yi kama da namu, shi kuma Johnny Weissmuller ɗan wasan ninƙaya ne da ya ci zinare a Olamfik, a Amurka aka ɗauki abinsa aka cusa hotunan dajin da aka ɗauko don wani fim ɗin daban, Trader Horn. Wannan hoton na Afirka shi ya zauna a kan turawa shekara da shekaru, kuma abin takaici mu aka kawo wa muka biya kuɗi muna tafa wa Tarzan.

Baba_Na_Sabongari:
Mun tafa kuwa, ba zan ɓoye ba. Yaro ba ya ganin kansa a ɗan dako, a ekta yake ganin kansa.

Abu_Sumayya:
Akwai ma wanda aka yi a kan Najeriya, Sanders of the River, baturen mulki da sarkin da ke yi masa biyayya. Shi ma Hollywood ɗin ne ai.

Malam_Mai_Alli:
A'a Abu_Sumayya, wannan na Ingila ne, kamfanin Alexander Korda, 1935. Paul Robeson da ya fito a sarkin ba'amurke ne, shi ya sa ake ruɗewa. Kuma shi Robeson da ya ga yadda aka haɗa fim ɗin ya zama yabon mulkin mallaka, ya nesanta kansa da shi a fili.

Hajiya_Kaduna:
Bakatsine ka taɓo inda yake min ciwo. Gone with the Wind da Dan_Fagge ya sa a sahun gaba, na kalle shi duk tsawonsa kusan awa huɗu, kala mai kyau, kaya masu kyau, Vivien Leigh ta iya wasa ba ƙarya, amma fim ne da ke nuna bayi suna jin daɗin bauta suna son iyayen gijinsu. Hattie McDaniel da ta fito a baiwar gidan ita ce baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, a 1940. Amma ranar da aka fara nuna fim ɗin a Atlanta ba ta halarta ba saboda dokar wariya, kuma a daren ba da kyautar ma ba a zaunar da ita teburi ɗaya da abokan aikinta ba, can gefe aka ajiye ta. Matar nan ta fito a 'yar aiki a fina-finai da dama don shi ne kawai abin da ake ba irinta. To in za mu yabi zamanin mu yabe shi da idonmu biyu a buɗe.

Gimbiya_22:
Amma Hajiya baƙaƙen ba su zauna haka kawai ba, suna da nasu fina-finan da ake nunawa a silimun unguwanninsu. Oscar Micheaux shi yake rubutawa ya shirya ya ɗauki kwafin ya bi gari gari da shi, ya yi mai murya tun 1931, The Exile. Ni shi yake tuna min da yadda namu suka fara da kaset, ba jari ba kowa sai ƙarfin hali.

Dan_Fagge:
Bakatsine da Hajiya, ban musa ko ɗaya ba, kuma ni ma ba na iya kallon Tarzan yanzu. Amma mun ɗan kauce. Ni tambayata a kan sana'ar ce. Me ya sa mutumin da aka hana shi nuna abu ya fi wanda aka sakar wa mara iya sa ka ji abin a jikinka?

Mai_Kyamara:
Bari in shigo nan tunda aikina ke nan, ina ɗaukar hoto a masana'antarmu ta nan gida. Dokar da ake magana ita ake kira Hays Code, da sunan Will Hays shugaban ƙungiyar kamfanonin. An rubuta ta 1930, wani limamin Katolika Daniel Lord da wani ɗan jarida Martin Quigley ne suka tsara, amma ba a riƙa bin ta sosai ba sai tsakiyar 1934 da cocin Katolika ya yi barazanar hana mabiyansa zuwa silima, sai aka naɗa Joseph Breen ya tabbatar ana bin ta. Daga nan sai ka kai masa labarinka a rubuce tun kafin ka kunna kyamara, kuma fim ba ya fita sai da hatiminsa, wanda ya saɓa tarar dala 25,000. Mai laifi dole ya ga sakamako kafin a tashi, ba a wasa da malaman addini, ba doguwar sumba, ba a nuna yadda ake fasa sef dalla-dalla. Ku lura ba gwamnati ce ta kafa ba, su kamfanonin ne suka ɗaure kansu don kar gwamnati ta ɗaure su, saɓanin hukumar tace fina-finai ta Kano da gwamnatin jiha ta kafa a 2001.

To misalin da nake ba yaran da ke koyon aiki a wajena shi ne It Happened One Night na Frank Capra. Clark Gable da Claudette Colbert ba aure tsakaninsu, tafiya ta haɗa su, kuɗi ya ƙare dole su kwana ɗaki ɗaya. Sai ya ɗaura igiya tsakanin gadajen biyu ya rataya bargo. Shi ke nan. Kyamara na gefensa yana kwance yana kallon silin, ta koma gefenta tana zaune a duhu hasken taga kaɗai a fuskarta, ruwan sama na zuba a waje, ba wanda ya taɓa wani amma kai mai kallo ka san duk abin da ke ransu. Bargon nan ya yi aikin da sin goma na rungume-rungume ba za su yi ba. Fim ɗin ya kwashe manyan Oscar biyar. Mu da dokarmu ta hana namiji taɓa mace a fim, wannan darasi ne a gare mu kai tsaye, amma sai mu tsaya kuka da dokar maimakon mu nemo bargonmu.

Dan_Fagge:
Yawwa! Abin da nake ta son faɗa ke nan, Allah ya biya ka.

Malam_Mai_Alli:
Kar ka yi saurin murna Dan_Fagge. It Happened One Night a watan Fabrairu 1934 ya fito, ofishin Breen kuwa sai Yuli ya fara aiki. Ke nan bargon basirar Capra ce da marubucinsa Robert Riskin, ba sandar Breen ba.

Mai_Kyamara:
Malam dokar ai tana nan a rubuce tun 1930, kuma jihohi irin su New York da Pennsylvania da Ohio suna da nasu hukumomin da ke sa almakashi, kowane furodusa da su a ransa yake aiki. Amma ni ma ban ce doka ce ke haifar da basira ba, kar a fahimce ni a haka. Su suna da abin da mu ba mu da shi. Kamfani ɗaya yana da marubuta a ofis ana biyansu albashi duk mako, yana da kafintoci, teloli, masu fitila, makaɗa, garin kwaikwayo guda a bayan sutudiyo. Mai haska fitila ya yi fim arba'in kafin a ba shi kyamara. In aka hana su abu akwai mutum biyar da za su kwana suna neman hanya. Mu kuwa a lokeshin ake rubuta sin ɗin gobe, furodusa na tsaye yana ƙirga kuɗin janareta. Ka takura wa wanda ba shi da lokaci ba shi da kuɗi, abin da zai ba ka shi ne falo da kujeru da mutum biyu suna faɗa.

Aminu_Indiya:
Kai jama'a, labarin nan na bargo da 'yar mai kuɗi da ta gudu daga gida ta haɗu da ɗan jarida a mota, ai Dil Hai Ke Manta Nahin ne na Aamir Khan da Pooja Bhatt!

Mai_Kyamara:
Shi ne Aminu, 1991. Kafin shi ma Raj Kapoor da Nargis sun yi shi a Chori Chori, 1956. Ka ga labari ya taso daga Kalifoniya ya bi ta Bombay ya iso mana, da yawanmu mun sha tsohuwar Hollywood ba mu sani ba.

Aminu_Indiya:
Su ma Indiya ba su yi jinkiri ba fa, Alam Ara mai murya 1931 ne, kuma da waƙoƙinsa ya zo tun ranar farko.

Gimbiya_22:
Ku bar yabon Hays Code ɗin nan haka. Dokar da ta hana doguwar sumba ita ce kuma ta hana a nuna soyayya tsakanin fari da baƙi. Anna May Wong 'yar asalin Sin ce haifaffiyar Amurka, ana shirya The Good Earth na 1937, labarin manoman Sin, amma tunda bature Paul Muni aka ba mijin sai matar ma aka ba baturiya Luise Rainer aka yi mata kwalliyar 'yan Sin, ta kuma ci Oscar da shi. To tarbiyyar wa dokar take karewa?

Ummu_Hanan:
Wannan kam ban sani ba, abin ba daɗi.

Barista_Zazzau:
Ni ta ɓangaren kwantiragi zan duba. Abin da Mai_Kyamara ya kira tsari, ga 'yan wasan kusan ɗauri ne. Za ka sa hannu shekara bakwai, kamfani na da ikon sallamarka duk bayan wata shida amma kai ba ka da ikon tafiya. Su za su zaɓa maka fim, su ba da aronka ga wani kamfani su karɓi kuɗin, su canja maka suna. Cary Grant sunansa Archibald Leach, Judy Garland sunanta Frances Gumm, Rita Hayworth kuwa Margarita Cansino ce, har gashin goshinta aka cire aka rina sauran don ta daina kama da 'yar Sifen. In ka ƙi fim a dakatar da kai ba albashi, kuma a ƙara kwanakin dakatarwar a ƙarshen kwantiraginka. Bette Davis ta gudu Ingila a 1936, Warner suka bi ta kotu a can suka yi nasara. Sai Olivia de Havilland ta kai su ƙara a 1943 da suka ce ta biyo su wata shida, kotun Kalifoniya ta ba ta gaskiya a 1944 cewa shekara bakwai na kalanda ne ba ƙari. Har yau da sunanta ake kiran wannan hukunci.

Kuma ƙarfin nasu daga silimu yake. MGM, Paramount, Warner, Fox da RKO su ke yin fim, su ke rarrabawa, su ke da manyan gidajen kallon. Mai silima mai zaman kansa in yana son fim ɗin babban tauraro dole ya sayi tarin wasu da bai ko gani ba. A 1948 kotun ƙoli ta Amurka ta ce wannan danniya ce a kasuwa, aka tilasta musu rabuwa da silimun, ga talabijin kuma ta shigo, daga nan zamanin ya fara rushewa. Ita dokar tacewar ta ja har 1968 kafin a maye ta da tsarin shekarun mai kallo.

Hajiya_Kaduna:
Judy Garland ɗin nan tana yarinya 'yar sha shida ta yi The Wizard of Oz, kuma ita da bakinta ta ba da labarin yadda ake ba su ƙwayoyi na hana barci da na sa barci da na rage ƙiba don a yi ta aiki. Ta rasu tana da shekara 47. Duk lokacin da na ga yarinyar nan tana waƙa a fim ɗin sai na tuna da wannan, a matsayina na uwa abin ba ya barina.

Dan_Zongo_Kumasi:
Salam 'yan uwa, ina bin ku tun sama. Mu nan a ina mutum zai samu irin waɗannan ya kalla? Kuma akwai masu fassarar Hausa kamar yadda ake yi wa na Indiya?

Malam_Mai_Alli:
Wasu haƙƙin mallakarsu ya faɗi, suna nan kyauta a YouTube da Internet Archive, kamar His Girl Friday na 1940, My Man Godfrey na 1936, da Detour na 1945. Ba sa cin data sosai. Amma Ummu_Hanan kar ki fara da His Girl Friday, a nan ne ake maganar da ta fi ko'ina sauri, suna hawa kan maganar juna da gangan.

Batun fassara kuma ya tuna min, ita Hollywood ta sha wannan ciwon kan. Fim ɗin bebe ko'ina ka kai shi sai dai ka canja allon rubutu, da murya ta zo kasuwar waje ta nemi kuɓucewa. Kafin a gane ɗora murya sai suka riƙa yin fim ɗaya sau biyu ko uku. Dracula na 1931, da rana Bela Lugosi da turanci, da dare wasu 'yan wasan daban su shigo ɗakunan nan dai su yi shi da Sifaniyanci. Laurel da Hardy kuwa da kansu suke maimaita fim ɗin da Sifaniyanci ko Jamusanci, ana rubuta musu lafazin a allo suna karantawa ba su san me suke cewa ba. Murya ta kuma kori wasu, Emil Jannings da ya fara cin Oscar na gwarzon ɗan wasa a 1929 komawa Jamus ya yi saboda harshensa ya yi nauyi da turanci. Greta Garbo, wadda ita ma turanci ba harshenta ba ne, ita ta tsallake. Charlie Chaplin ya ƙi yarda, ya yi City Lights a 1931 da Modern Times a 1936 ba tare da hirar baki irin ta sauran ba, sai 1940 ya buɗe baki sosai a The Great Dictator.

Yar_Damagaram:
Chaplin ko kakata da ba ta jin faransanci bare ingilishi tana dariya har da hawaye. Ni a wajena da murya ta zo an yi asarar wani abu.

Mai_Kyamara:
Asarar da ta fi wannan ita ce ta kwafin kansu. Fim ɗin wancan lokaci da sinadarin naitiret ake yinsa, yana ruɓewa kuma yana kamawa da wuta da kansa in zafi ya yi yawa. Ma'ajiyar Fox ta ƙone a 1937, ta MGM a 1965. Binciken ɗakin karatu na majalisar Amurka a 2013 ya ce kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan bebe na ƙasar sun ɓace. Alam Ara da Aminu ya ambata shi ma babu shi. Ina faɗin haka ne don mu, wa ke da kwafi mai kyau na Turmin Danya na 1990 da sauran na kaset? Zafi da ƙura na cinye su a shaguna muna kallo.

Saif_04:
To na ji, na je na leƙa King Kong na 1933 saboda ku. Birin a fili ɗan tsana ne, gashinsa ma motsi yake kamar iska na kaɗawa, amma ban kashe ba har ya hau dogon benen nan, kuma da jirage suka harbe shi sai da na ji tausayinsa. Ban dai canja ra'ayi a kan masu surutun ba.

Mai_Kyamara:
Gashin da ka ga yana motsi yatsun masu aikin ne Saif. Willis O'Brien da mutanensa suna matsa ɗan tsanan kaɗan su ɗauki hoto ɗaya, su sake matsawa su ɗauka, hoto 24 ke ba da daƙiƙa guda.

Bakatsine:
Kuma ka lura da yadda aka nuna mutanen tsibirin. Tarzan ne aka canja wa riga. Ko Casablanca ɗin Dan_Fagge, gari ne na Musulmi a Maroko amma nawa ne 'yan Maroko da suka yi magana a ciki? Turawa ne ke soyayyarsu da yaƙinsu, masu garin suna bango. A Kalifoniya aka gina kasuwar ma.

Dan_Fagge:
Haka ne, ba a je Maroko ba. Amma ka dubi su waye a cikin gidan shaƙatawar, da yawan 'yan wasan 'yan gudun hijira ne na gaske da suka tsero daga Turai, Conrad Veidt da ya fito a hafsan Nazi shi kansa barin Jamus ya yi saboda su, Peter Lorre ma haka. Ana tsakiyar yaƙin aka yi shi ba wanda ya san wa zai ci. Sannan ƙarshensa, matar aure ce, dokar ba za ta bari ta bar mijinta ta bi tsohon saurayi ba, sai Humphrey Bogart da ya fito a tsohon saurayin ya sa ta a jirgi da mijinta shi ya tsaya. Da yau ne da sun gudu tare, da kuma ba wanda zai tuna fim ɗin bayan shekara biyu. Nan kam takurawa ta yi rana ko Malam ya yarda ko bai yarda ba.

Malam_Mai_Alli:
A Casablanca na ba ka. Amma je ka kalli All Quiet on the Western Front na 1930, kafin Breen, yaran makaranta da malaminsu ya zuga suka tafi yaƙi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya a cikin rami, har 'yan Nazi suka saki ɓeraye a silimar Berlin don a hana nuna shi. Ka haɗa da I Am a Fugitive from a Chain Gang na 1932 a kan azabar fursunoni, wanda ya ƙare ba tare da an share wa kowa hawaye ba. Waɗannan sun faɗi gaskiya mai ɗaci kai tsaye, kuma bayan 1934 irinsu sun yi wuya. Ka kalle su ka dawo mu ci gaba.

Ummu_Hanan:
Malam na yaƙin nan za a iya kallo da yara ko in bari sai sun kwanta?

Malam_Mai_Alli:
Ki bari su kwanta, akwai wuraren da ke da nauyi ko ga babba.